Masara na sito, ƙanena ya yi fushi: in kawo ta Legas in sayar?

Wasiƙar wannan makon daga Agege ta fito, kuma mai ita ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da ya ce a taƙaice:

"Assalamu alaikum. Shekarata 11 a Legas, ina da ɗan shagon kayan masarufi a Agege. Tun daminar 2023 nake tura wa ƙanena kuɗi yana noma mana masara a gonarmu ta gado, hekta 3, a ƙasar Lere. A kakar farko ya kwashe ta duka ya sayar a Saminaka a kan naira 38,000 buhu, bai jira ni ba. Kafin wata damina ta yi nisa sai na ji buhu ya haura 80,000. Raina ya ɓaci, na gaggaya masa maganganu. A daminar 2024 na tura naira miliyan 2 da dubu 400, aka samu buhu 80, aka fitar da zakka buhu 8. An taya 60,000, na ce ko tiya ɗaya kada ya taɓa. Yanzu ga daminar 2025 ta kama, 40,000 ma sai da roƙo, ƙwaro ya lalata kusan buhu 6, shi kuma ya ci bashi lokacin haihuwar matarsa saboda na hana sayarwa. Ya ce bana in nemi wani ya yi mini noman. Inna ta kira ni tana kuka. Ga wani mai haɗa abincin kaji a Oko-Oba ya ce in kawo masa, zai ba ni 50,000. Malam, anya yaron nan ba cutata yake yi ba? In ɗauko masarar in kawo Ikko? Ko in haƙura da noman masara gaba ɗaya?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya raya abin da aka haifa, Ya ba mai jego lafiya, Ya sanyaya zuciyar Inna.

Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman inda ƙaninka ya cuce ka, ban gani ba. Wanda yake cuta ba ya gaya maka adadin buhun da ya samu, ba ya fitar da zakka ya sanar da kai, kuma ba ya zama da buhu 72 a hannunsa ya je ya ci bashi don matarsa ta haihu. Da macuci ne, da ya zare buhu biyar ya ce ƙwaro ne ya ci, kana Agege ba za ka taɓa sani ba. Wannan yaron ya riƙe maka amana har ta ƙona masa hannu. Abin da na gani a wasiƙar shi ne mutum biyu suna noma tare shekara biyu, amma babu wanda ya san nawa buhu ɗaya ya tsaya musu, kuma ba su taɓa zama sun yanke yaushe za a sayar ba. Daga nan rigimar ta taso, don haka daga nan zan fara.

Ɗauko biro. Ka tura 2,400,000, bayan zakka ya rage buhu 72. Idan ka raba, kowane buhu ya tsaya maka a kan naira 33,300 da ɗoriya. To amma wannan kuɗinka ne kawai. Ina ladan wanda ya kwana biyar yana neman mai huɗa, ya tsaya kan 'yan ƙwadago, ya goya tankin feshi a bayansa lokacin da tsutsa ta shiga, ya kwana a gona ana gadin masara kafin a kai ta injin casa? Ina kuɗin hayar gonar, tunda ta gado ce, kuma Inna da sauran magada suna da haƙƙi a ciki? Bari in yi ƙiyasi nawa na kaina, in ce waɗannan biyun sun kai 600,000. Ku da kuka san ƙauyen sai ku gyara. Jimla ta zama miliyan 3. Buhu ya koma kusan 41,700. Ka ga ranar da aka taya 60,000, ribar sama da 18,000 ce a kan kowane buhu take tsaye a ƙofar sitonku, kuka ce ta tafi. Buhu 72 a wannan farashin naira 4,320,000 ne. Yau buhu 66 a kan 40,000, naira 2,640,000. Tsakaninsu 1,680,000. Ban kawo wannan don in fama maka ciwo ba. Na kawo ne don ka ga cewa da kun san lambar nan ta 41,700, da ba ka kalli 60,000 da raini ba. Kai 80,000 ɗin bara kake aunawa da ita, alhali ita ba taka ba ce, ta wuce.

Yanzu me ya sa ajiyar masarar da ta yi wa wasu aiki a shekarar farko ta kife a ta biyu? A al'ada, masara tana araha daga Oktoba zuwa Disamba, saboda kowa a lokaci ɗaya yake bukatar kuɗi: mai taki yana jiran nasa, 'yan ƙwadago suna jira, ga kuɗin makaranta, ga bukukuwan da aka ɗaga zuwa kaka. Manyan masu saye sun san haka, shi ya sa a lokacin ne motocinsu suke cika Saminaka da Giwa da Dandume da Bakori. Daga bazara zuwa tsakiyar damina kuma rumbuna sun yi ƙasa, farashi ya tashi. Wannan shi ne abin da aka saba, kuma a yawancin shekaru mai ajiya yana samun wani abu. Sai dai tashin da ka gani a 2024 ba na al'ada ba ne kaɗai. An cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, aka saki naira a watan da ya biyo baya, darajarta ta zube, komai ya yi sama, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Masara ta hau wannan igiyar ne. Da mutane suka ga haka, mai gona da maras gona kowa ya shuka masara, mai kuɗi kuma ya saye ya kulle. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na tsawon kwana 150, masara na ciki. Naira ta ɗan tsaya da ƙafarta. Masu sito suka tsorata, suka fara fitarwa a lokaci guda. Ba kai kaɗai abin ya ritsa da shi ba. Akwai waɗanda suka ci bashin banki suka cika sito, yau ba sa iya barci.

Akwai abin da mu 'yan Arewa mazauna Legas ya kamata mu fi kowa ganewa, domin a gabanmu yake faruwa. Mai injin abincin kaji a Oko-Oba ko Ikorodu ko Ota, masara ce kusan rabin abin da yake zubawa a injinsa, don haka kullum idonsa na kan inda ta fi sauƙi. Kuma yana da zaɓi. Yana da ta Arewa. Daga wajen Yuli zuwa Agusta yana da sabuwar masarar Kudu, irin ta yankin Saki da Iseyin a jihar Oyo, tunda su sau biyu suke shuka a shekara. Idan ta yi tsada ya sirka da dawa. Idan gwamnati ta buɗe ƙofa kuma, akwai wadda jirgin ruwa yake saukewa a Apapa. A 2020 Babban Bankin Nijeriya ya hana ba masu shigo da masara dala, farashi ya ji a jikinsa. A 2024 aka sassauta harajin shigo da ita, ya sake ji ta ɗaya ɓangaren. Wato buhun da ke jingine a sitonku a Lere yana gogayya ne da masarar da ba ku taɓa gani ba, kuma takarda ɗaya daga Abuja tana iya rusa lissafin wata shida. Wanda zai ce maka ya san inda farashi zai kai a watan Yuni, tatsuniya yake maka.

Shi ya sa ko a Amurka, wadda ta fi kowace ƙasa noman masara, inda hekta ɗaya take ba da kusan tan 11 mu kuma muna fama a wajen tan 2, manomin jihar Ayowa ba ya yarda ya sayar da amfaninsa a rana ɗaya. Suna da kasuwar Shikago inda ake yanka farashin masarar da ba a ma girbe ba, ana cinikin kaya kusan tan 127 a kowace yarjejeniya. Manomi yakan sayar da wani kaso tun masara na gona ga mai rumbun garinsu, wani kaso ranar girbi, wani ya ajiye. Kuma ya san farashin Shikago ba nasa ba ne. Nasa shi ne na Shikago bayan an cire ko an ƙara tazarar da ke tsakanin garinsa da inda ake bukatar kayan. Mu ba mu da irin wannan kasuwa a hannun ƙaramin manomi, duk da akwai kamfanoni irin su AFEX da suke karɓar hatsi a sitonsu su ba da takardar shaida. Amma dabarun nan biyu, rarraba sayarwa da cire tazarar wuri, ba sa bukatar kwamfuta. Kakanninmu ma sun san na farkon: akwai rumbun ci, akwai na iri, akwai wanda ba a buɗewa sai damina ta yi tsakiya.

Mu zo kan mutumin Oko-Oba da 50,000 ɗinsa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tazarar da kake hange naira 10,000 ce a buhu. A cikinta za ka biya 'yan dako a ƙauye, da motar da za ta fito da kaya bakin titi, da lodi, da kuɗin ƙungiya da na haraji, da tirela mai tafiyar kusan kilomita 1,000 a kan man gas da ya haura naira 1,000 a lita a ƙarshen 2023, da abin da direba zai yi ta miƙawa a shingaye, da masu sauke kaya a nan, da la'adar wanda ya haɗa ku idan akwai. Tirela buhu 300 take ɗauka. Naka 66 ko rubu'inta bai cika ba, sai dai ka shiga cikin lodin wasu, ka jira ranar da suka ga dama.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da ke jiran ka a ƙofar kamfani. Shekarun baya ni ma na taɓa kawo kaya irin wannan tafiya. Ruwa ya dake mu a wajen Jabba, tamfol ya yi yoyo ta baya. Da muka iso, wani matashi ya fito da ƙarfen da ake soke buhu da shi, ya bi buhunan ɗaya bayan ɗaya, yana zuba ƙwayoyin a tafin hannunsa, yana hurawa, yana duba masu huji, ya jefa ɗaya a baki ya ciza. Sannan ya zuba a 'yar na'urar auna danshi. Ya ware buhu goma sha wani abu gefe ya ce ba sa so. Sauran aka hau sikeli, buhun da muka saya a matsayin kilo 100 ya riƙa nuna 94, 96, su kuma da kilo suke biya. Direba yana tsaye yana duba agogo, yana so a sauke ya kama hanyar Apapa neman lodi. A wannan halin mai kamfani ya fito ya faɗi sabon farashi. Ina zan kai kayan? Na karɓa. Kuɗin kuma sai da na yi sati uku ina zarya. Ranar na gane cewa kayan da suka riga suka iso Legas, mai saye ne yake da bakin magana a kansu.

Taka masarar ta kwana wata takwas ko tara, kuma ƙwaro ya riga ya shiga. Idan buhu 6 sun lalace a fili, to akwai ƙwaro a cikin sauran, ko da ido bai gani ba. Ita ce irin wadda ake warewa gefe. Saboda haka amsata a kan wannan kayan ita ce kada ka kawo. Idan mutumin da gaske yake, ka ce masa ya aiko wakilinsa Saminaka ya duba, ya auna, ya biya a can, motar tana wuyansa. Farashin da zai faɗa maka a wannan sharaɗin shi ne ainihin farashinsa, kuma za ka ga bai yi nisa da 40,000 ba.

Abin da za ku yi da kayan yanzu: a fito da su rana mai kyau, a zazzage, a sheƙe, a ware mai kyau da mai huji, a sake aunawa. Mai hujin a sayar wa masu kiwo nan kusa ko nawa ne. Wadda ta yi baƙi ko ta yi funfuna kada a ci, kada a ba kaji, domin irinta ce take ɗauke da gubar da ke lalata hanta. Mai kyau ɗin a sayar da mafi yawanta cikin makonnin nan, kafin sabuwa ta shigo kasuwa, saboda ranar da sabuwa ta fito tsohuwa ta zama abin tausayi. Daga kuɗin farko a biya bashin da ƙaninka ya ci. Ka ɗauke shi bashinka ne, tunda umarninka ne ya jawo shi. A bar wa gida abin da za a ci zuwa kaka. Kuma ina roƙonka, ka ja musu kunne kada a zuba wa hatsi maganin ƙwari na ruwa, kada kuma a sa ƙwayar turaren nan ta hatsi a ɗakin da mutane ke kwana ko wanda ke manne da shi. An sha rasa iyalai gaba ɗaya a kan wannan.

Ga shekara mai zuwa, idan Allah Ya sa kun shirya, ku zauna tun kafin girbi ku rubuta a takarda, kowa ya ɗauki hotonta a wayarsa. Bayan zakka da abincin gida, kaso ɗaya cikin uku a sayar a kaka, ba sai ƙaninka ya kira ka ba, a biya duk wani bashi a sayi takin baɗi tun yana da sauƙi. Kaso na biyu a wajen Fabrairu ko Maris. Na uku shi ne za ku iya jira da shi, amma da wa'adi: idan farashi ya kai abin da kuka rubuta a sayar, idan bai kai ba zuwa ƙarshen Yuni a sayar duk yadda yake. Da wannan tsarin ba za ku taɓa samun farashin ƙoli a kan duka kayan ba, kuma ba za ku sake faɗawa ramin da kuke ciki ba. Ku tuna ajiya ma tana cin kuɗi: hayar sito, buhuna, raguwar nauyi, da kuɗin da aka ɗaure wanda da yana juyawa a shagonka. A shekarar da kaya ke tashi da kashi 30, buhun 60,000 sai ya kai kusan 70,000 bayan wata shida kafin ma a ce ka tashi canjaras.

Wadda za a ajiye kuwa sai ta bushe sosai, danshinta bai wuce kashi 13 zuwa 14 ba. Idan babu na'ura, a samu busasshiyar kwalba, a zuba masara da busasshen gishiri, a girgiza, a bar ta ɗan lokaci; idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya. Sannan a sa ta a buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako, kada ta taɓa ƙasa ko bango. Iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu da kansa ba tare da magani ba. Kuɗinsa bai kai asarar buhu 6 ba.

Idan kana son cin moriyar zamanka a Legas, ga inda take. Ka san masu saye, ƙaninka ya san gona. Jar masara ita masu kaji suka fi so saboda tana sa gwaiduwar ƙwai ta yi kala. Fara kuma ta fi tafiya wajen masu tuwo. Ka tambayi mutumin Oko-Oba tun kafin shuka wacce yake so, nawa, a wane wata. Idan zai biya kuɗi gaba ɗaya tun yanzu a kan adadi sananne, siffa sananniya, da rana sananniya, wannan shi ne cinikin salam da shari'a ta halatta, kuma ya sha bamban da ba-da-kakar da ake yanka talaka da ita a ƙauye, inda buhun taki ɗaya yake haihuwar buhunan masara. Ko a nan kada ku yi alkawarin fiye da kaso ɗaya cikin uku na abin da kuke sa rai, domin ruwa da tsutsa ba su sa hannu a takardar ba. A rubuta inda za a miƙa kaya, da sikelin wa za a auna, da wanda zai biya mota.

Batun barin masara gaba ɗaya, ban ba ka wannan shawarar ba. Duk shekarar da ta faɗi mutane sukan gudu, shekarar da ta biyo baya kuma a neme ta a rasa, waɗanda suka gudu su dawo a guje su sake cika kasuwa. Mai bin farashin bara kullum a makare yake zuwa. Abin da zan ce shi ne ku rage faɗi ku ƙara kulawa. Buhu 80 a hekta 3 bai kai buhu 27 a hekta ba. Masu binciken noma suna ba da shawarar abin da ya kai buhu 8 na kamfa 15-15-15 da kusan 3 na yuriya a hekta ɗaya, kuma da wuya kuɗin da ka tura ya isa haka a hekta 3. Hekta 2 da suka ƙoshi da taki, da iri mai kyau irin SAMMAZ na cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, da takin gida, suna iya ba ku abin da 3 masu yunwa suka bayar, buhu ya tsaya muku da sauƙi. Hekta ta uku ku sa waken suya. Ba ya cin yuriya kamar masara, yana gyara ƙasa, yana rage ƙuduji, kuma masu injin nan na Oko-Oba shi ma suna nemansa.

Amma duk wannan lissafin ba shi da inda zai zauna idan ƙaninka bai sauko ba, kuma a nan kai ne za ka fara. Kada ka aika saƙon murya, kada ka sa Inna a tsakiya ta yi ta kai-kawo. Ka kira shi da kanka bayan Isha'i, lokacin da ya dawo daga gona ya huta. Ka ce masa maganganun da ka faɗa a shekarar farko kuskure ne, hana sayarwar ma kuskurenka ne, bashin haihuwa kuma kai za ka biya. Sannan ka tambaye shi nawa yake ganin ya dace ya zama rabonsa, ka yi shiru ka saurara. Ko kaso ne daga riba bayan an cire uwar kuɗi, ko adadin buhuna, ku kai wa malamin garinku ya daidaita muku yadda ba za a shiga haƙƙin kowa ba, har da na sauran magada. Idan shago zai iya jure rashinka na kwana biyar, ka hau mota ka je ka tsaya a kan sheƙar masarar nan tare da shi, ka kai wa jaririn kayan barka, ka kwana a gida Inna ta gan ku kuna cin tuwo a kwano ɗaya.